Cocin Vézelay: tudun da aka yi shelar yaƙin Salibiyya

Jama'a, duk mai karanta tarihin yaƙe-yaƙen Salibiyya zai ci karo da wani ƙaramin gari mai suna Vézelay, a yankin Burgundi na Faransa. Gari ne a kan tudu, cocin kuma shi ne a can ƙololuwa. A nan Bernard na Clairvaux ya yi shelar yaƙi na biyu a 1146, yaƙin da ya watse a ƙofar Dimashƙa a 1148. A nan kuma sarkin Ingila Richard da sarkin Faransa Philippe suka haɗu a 1190 kafin su tafi yaƙar Salahuddin.

Amma ni abin da ya fi jan hankalina shi ne kuɗin ginin. Sufayen wurin sun ce ƙasusuwan Maryamu Magadaliya na hannunsu, sai masu ziyara suka yi ta tururuwa. Duk da haka shugabansu Artaud ya matsa wa mutanen gari da haraji don aikin, suka kashe shi a 1106. A 1120 gobara ta cinye cocin da jama'a da yawa a ciki. Wanda ake gani yau, babban zaurensa bayan gobarar aka gina shi.

Ginin irin wanda Turawa ke kira Romanesk ne: bango mai kauri, tagogi ƙanana, rufin dutse a kan bakan gizo zagayayye, an jera duwatsun fari da ƙasa-ƙasa, ɗaya bayan ɗaya. A saman ƙofa an sassaƙa al'ummomin duniya yadda suka zata, har da masu kan kare da masu manyan kunnuwa. Haka fa suke kallon baƙo. Sannan kusan 21 ga Yuni, da tsakar rana, hasken tagogin yakan sauka a jere a tsakiyar zauren.

A 1279 aka ce ai ainihin ƙasusuwan suna Saint-Maximin, a kudu. Masu ziyara suka juya can, arziki ya bi su. Zuwa 1834, da Prosper Mérimée ya zo duba wurin, ginin na daf da rushewa. Gwamnati ta ba Viollet-le-Duc aikin gyara a 1840, yana ɗan shekara 26, ya shafe kusan shekara 20 a kai. Ni da na san yadda fayil ke kwana a ofis, wannan ne ya fi ba ni mamaki. A 1979 UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya.