Wane Ne Sabon Shiga? Tarihin Kofin Calder

A Hausa akan bambanta ɗan koyo da sabon shiga. Ɗan koyo bai ƙware ba tukuna, shi kuwa sabon shiga yana iya zama gwani, wurin ne kawai baƙo gare shi. Wannan bambanci shi ne ya daɗe yana jawo gardama a tarihin wata kyauta ta ƙwallon gora na kan ƙanƙara a Kanada da Amurka, wato Kofin Calder.

Ana yin wannan wasa ne a kan daskararren ruwa. Kowane ɓangare na da 'yan wasa shida, suna zamiya da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, suna kora wani ɗan faifan roba da sanduna zuwa raga. Babbar gasarsa ita ce NHL, wadda aka kafa a 1917, kuma shugabanta na farko shi ne Frank Calder, haifaffen Ingila. A kakar 1932-33 aka fara zaɓen gwarzon sababbin shiga, inda Carl Voss na ƙungiyar Detroit ya zama na farko. Daga kakar 1936-37 Calder ya riƙa sayen kofi duk shekara yana miƙa wa wanda ya ci, ya fara da Syl Apps na Toronto. Da ya rasu a watan Fabrairu 1943, hukumar gasar ta mayar da kofin abin tunawa da shi. 'Yan jaridar da ke rubutu kan wasan ne ke jefa ƙuri'a a ƙarshen kaka.

Dokar ta auna sabuntar mutum da yawan wasannin da ya buga. Duk wanda ya wuce wasa 25 a wata kaka da ta gabata, a wata babbar gasa ta ƙwararru, ya fita daga sahu. Wannan ma'auni ya haifar da abubuwan mamaki. Ken Dryden, mai tsaron ragar Montreal, ya buga wasa 6 kacal a kakar 1970-71, daga nan ya tsare raga a wasannin ƙarshe har ƙungiyarsa ta ɗauki Kofin Stanley, aka kuma zaɓe shi gwarzon waɗannan wasanni. Duk da haka, bisa ƙirga, sabon shiga ne, sai ya ci Kofin Calder a 1972.

Akasin haka ne ya sami Wayne Gretzky. Ya shigo NHL a kakar 1979-80 tare da ƙungiyar Edmonton, ya tara maki 137, aka zaɓe shi gwarzon gasar baki ɗaya yana ɗan shekara 19. Amma an hana shi takarar Calder saboda ya riga ya yi kaka guda a WHA, wata gasa kishiyar NHL da ta rushe a 1979. Ray Bourque na Boston ne ya karɓi kofin.

Shekara goma bayan haka sai ga Sergei Makarov. Ya shafe shekaru yana bugawa ƙungiyar sojojin Tarayyar Sobiyet da ke Mosko, ya ci zinare a gasar Olamfik ta 1984 da ta 1988. A hukumance ba a ɗauki 'yan wasan Sobiyet a matsayin masu wasa don albashi ba, don haka duk waɗannan shekaru ba su shiga lissafi ba. Ya koma Calgary, ya ci Kofin Calder a 1990 yana da shekara 31. Dokar da ta rufe wa yaro ɗan shekara 19 ƙofa ita ce ta buɗe wa tsohon hannu, wanda ya girmi abokan takararsa nesa ba kusa ba.

Ƙorafin da ya biyo baya ya sa aka ƙara sharaɗi. Tun daga kakar 1990-91, wanda ya cika shekara 26 kafin 15 ga Satumba ba ya cikin takara. Gyaran ya rage matsalar amma bai kawar da ita ba. Artemi Panarin ya ci kofin a 2016, Kirill Kaprizov kuma a 2021, dukansu bayan sun yi shekaru a babbar gasar Rasha, kuma a lokutan biyu an sake tayar da tsohuwar tambayar.

Abin da ke bayan gardamar shi ne cewa damar ba ta zuwa sau biyu. Sauran kyaututtukan gasar ana iya neman su shekara bayan shekara, amma wanda Calder ya kuɓuce masa ya rasa shi har abada. Gretzky ya yi ritaya a 1999 bayan ya zama gwarzon NHL sau tara, ya ɗauki Kofin Stanley sau huɗu, amma babu sunansa a jerin waɗanda suka ci Kofin Calder.