LAFTANAR-KANAL MUHAMMAD ABU ALI, SARKIN YAƘIN BARNO (1980-2016)

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce, yaƙi ɗan zamba ne. Tun daga shekarar 2009 da fitinar Boko Haram ta ɓarke a Maiduguri, ƙasar nan ta yi asarar sojoji masu ɗimbin yawa a Arewa maso Gabas, manya da ƙanana. Daga cikinsu akwai wani matashin hafsa wanda rasuwarsa ta girgiza jama'a, soja da farar hula, wato Laftanar-Kanal Muhammad Abu Ali. A wannan maƙala za mu ɗan waiwayi rayuwarsa da aikin da ya yi, sa'an nan mu duba abin da ya rataya a wuyanmu, mu marubuta, game da irinsa.

Asalinsa da Karatunsa

An haifi Muhammad ranar 15 ga Agusta, 1980. Ɗan gidan soja ne, kuma ɗan gidan sarauta. Mahaifinsa, Birgediya-Janar Abu Ali, shi ne gwamnan soja na Jihar Bauci daga 1990 zuwa farkon 1992, zamanin mulkin Janar Babangida, daga baya kuma ya hau gadon sarautar Etsu na Bassa-Nge a Jihar Kogi. Muhammad ya yi karatun sakandare a makarantar sojoji ta Jos, ya gama a 1997. A 1998 ya shiga Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta Kaduna, wadda aka fi sani da NDA, cikin rukuni na 50. Ya fito a 2003, aka tura shi sashen masu tankokin yaƙi. Kafin yaƙin Barno ya yi aikin kiyaye zaman lafiya a Laberiya da kuma Darfur ta ƙasar Sudan.

Abin lura a nan shi ne, yaro mai irin wannan gata yana da hanyoyi da yawa na neman abinci cikin inuwa. Amma shi sai ya gaji kakin mahaifinsa, kuma da tafiya ta yi tafiya, kakin nan ya kai shi inda wuta ta fi ruruwa.

Fagen Daga

Don mu gane girman aikinsa, sai mun tuna halin da aka shiga a ƙarshen 2014. A watan Agusta na shekarar 'yan Boko Haram suka kama Gwoza, suka ce sun kafa daula. A Oktoba suka shiga Mubi. Ranar 3 ga Janairu, 2015, suka auka wa Baga da ke gaɓar Tafkin Chadi, suka tarwatsa sansanin rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen yankin, suka yi wa mutanen gari kisan gilla. Waɗanda suka tsira, wasu suka faɗa tafki suka nufi Chadi, wasu suka taka a ƙasa har Maiduguri. Baga kuwa, kowa ya sani, ita ce uwar kasuwar kifi banda, wanda ake lodinsa zuwa Kano da kudancin ƙasar nan. Kafin watan ya ƙare Monguno ma ta faɗi. Abin ya kai har aka ɗage babban zaɓe daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris.

A daidai wannan lokaci ne aka kawo wa sojojinmu tankoki samfurin T-72, ƙirar tsohuwar Tarayyar Sobiyet. Tankar nan ta haura tan 40 a nauyi, bakin igwarta milimita 125 ne, mutum uku ke cikinta: kwamanda da maharbi da direba. Su kuwa 'yan ta'adda ƙarfinsu a kan motocin Hilux yake, waɗanda suke girka wa bindigogin harbo jirgin sama, su zo da gudu su buɗe wuta. Irin wannan mota ba ta iya tsayawa gaban tanka a filin Allah irin na arewacin Barno, musamman da rani. Sai dai ƙarfe ba ya yaƙi da kansa. Tilas a sami wanda zai shiga ciki ya wuce gaba, na baya su ga ƙurarsa su bi. Manjo Abu Ali, wanda ke jagorancin Bataliya ta 272 ta tankoki, shi ya ɗauki wannan nauyi.

Da shi aka ƙwato Monguno a tsakiyar Fabrairu, 2015, da shi kuma aka shiga Baga ranar 21 ga watan. A farkon Satumba aka ƙwato Gamboru-Ngala da ke kan iyakar Kamaru. A can Gamboru, a cikin wannan wata, Babban Hafsan Sojojin Ƙasa na lokacin, Laftanar-Janar Tukur Yusuf Buratai, ya ɗaura masa muƙamin Laftanar-Kanal tun lokacin ƙarin girmansa bai yi ba, saboda jarunta. Laƙabin Sarkin Yaƙi kuwa, ba wata fada ce ta naɗa shi ba, bakin jama'a da na sojojinsa ne.

Daren Malam Fatori

Cin gari daban, riƙe shi daban. Malam Fatori, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Abadam, tana can ƙuryar arewacin Barno, kogin Komadugu Yobe ne ya raba ta da yankin Bosso na Jamhuriyar Nijar. Wuri ne mai nisa da Maiduguri, mai wuyar kai ɗauki, ga shi kusa da tsibiran tafki inda mayaƙan suka ja daga bayan an kore su daga garuruwa. A daren Juma'a, 4 ga Nuwamba, 2016, suka kawo hari kan sansanin soja da ke garin. An yi ba-ta-kashi, an kuma kore su, amma a cikin wannan artabu ajali ya cim ma Abu Ali, yana da shekara 36. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya uku.

Ranar Litinin, 7 ga wata, aka binne shi tare da wasu sojoji shida a Maƙabartar Sojoji ta Ƙasa da ke Abuja. A wurin ne aka ga Janar Buratai yana share hawaye a bainar jama'a, abin da ba a saba gani ba ga mai irin muƙaminsa.

Kammalawa

A zamanin da, makaɗan fada su ke riƙe da sunayen mazajen da suka kwanta dama a fagen fama. A lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, marubuta waƙoƙi irin su Alhaji Aƙilu Aliyu sun yi wa soja waƙa, har yau kuma ana nazarinta. To, yaƙin Barno fa? Yaran da aka haifa a shekarar da ya soma, ga su nan sun kai shekarun gama sakandare, kuma abin da ba a rubuta musu ba, ba za su same shi ba.

Sunan Abu Ali ya yi tashe, amma shidan nan da aka jera kabarinsu kusa da nasa ba a cika ambatarsu ba, alhali kowannensu yana da garinsu da mahaifiya da labari. Akwai tsofaffin sojoji a barikokinmu da unguwanninmu, akwai zawarawan da mazansu suka tafi ba su dawo ba, akwai masuntan Baga da suka ga abin da idonsu. Kira gare mu, musamman masu tasowa, shi ne mu je mu zauna da su, mu saurara, mu rubuta da Hausa, ba ƙari ba ragi, tun ƙasa ba ta rufe idon shaidu ba.

Allah ya jiƙan Muhammad Abu Ali da sauran waɗanda suka rasa rayukansu, ya raya abin da suka bari, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.