Jiniyar tsaron mota: Yadda ake nemo wata idan ta lalace da yadda ake ɗaura ta

A unguwanni irin su Unguwar Rimi da ke Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa, inda ma'aikata da 'yan kasuwa ke kwantar da motocinsu a harabar gida, ba baƙon abu ba ne mota ta ɓarke da kuka cikin tsakar dare alhali babu wanda ya taɓa ta. Akwai kuma wadda za a fasa gilashinta a kwashe kayan ciki ba ta ce uffan ba. Sau da yawa tushen matsalolin biyu ɗaya ne: jiniyar tsaro ta lalace.

An fi cin karo da hakan a motocin Turai, ciki har da motocin tsere masu ƙofa biyu irin su Audi TT da Mercedes-Benz SLK da BMW Z4 da Porsche Boxster, waɗanda galibi sukan shigo Najeriya bayan sun yi shekaru a hannun wasu. A irin waɗannan motoci jiniya wani ɓangare ce na kwamfutar motar, don haka sauya ta ya wuce a yanke waya biyu a haɗa.

Mece ce jiniyar tsaro?

Ita ce na'urar da ke kwarmata ihu idan aka buɗe ƙofa ko bonet ko but da ƙarfi bayan an kulle mota. Ba ita ce jiniyar share hanya ba, wadda Dokokin Zirga-zirgar Ababen Hawa na Ƙasa na shekarar 2012 suka taƙaita amfani da ita ga wasu manyan jami'an gwamnati da motocin gaggawa irin na asibiti da na kashe gobara. Jiniyar tsaro tana aiki ne lokacin da mota ke ajiye.

Iri biyu ne. Na farko shi ne mai sauƙi, wanda ya dogara kacokan da batirin mota. Wasu motocin ma, musamman waɗanda aka ƙera domin kasuwar Amurka, ham ɗin motar ne ke yin wannan aiki. Na biyu shi ne mai ɗan batiri a cikinsa, wanda aka yi shi domin ya ci gaba da ƙara ko da ɓarawo ya tsinke wayar babban batir. Irin wannan ya yaɗu a Turai, musamman a Ingila, inda cibiyar Thatcham, wadda kamfanonin inshora suka kafa a 1969, ta sanya shi cikin sharuɗɗan matakin tsaro mafi girma. Ƙa'idar Turai kuma ta kayyade cewa kukan jiniya kada ya wuce daƙiƙa 30 a kowane zagaye.

Ya kamata a bambanta jiniya da na'urar hana tayar da inji, wadda ta zama dole ga sababbin motoci a Tarayyar Turai tun 1998. Wannan ita ke hana mota tashi sai da makullinta na asali. Mutuwar jiniya ba ta kashe ta. Abin da mai mota ya rasa shi ne gargaɗin da zai tashe shi daga barci.

Dalilan lalacewarta

Babban dalili shi ne ɗan batirin nan na ciki. An rufe shi ruf a cikin akwatin roba, kuma kamar kowane batiri mai caji, yana da wa'adi. Idan ya tsufa yakan fara yoyo, ruwansa ya cinye allon lantarkin da ke jikinsa. Zafi yana gaggauta wannan, kuma zafin Maris da Afrilu a Kaduna ba irin wanda motar ta saba da shi a ƙasar da ta fito ba ne.

Dalili na biyu ruwa ne. Masu ƙera mota kan ɓoye jiniya inda hannun ɓarawo ba zai kai da wuri ba: bayan robar da ke cikin madigadi, ko ƙasan gilashin gaba, ko wani lungu a cikin but. Motar tsere kuwa ƙasa-ƙasa take. Ruwan da ke kwanciya a tituna a watannin Agusta da Satumba, musamman a sassan da ke kusa da Kogin Kaduna, da kuma feshin masu wankin mota, duk suna iya isa soket ɗin jiniyar su sa shi tsatsa.

Alamomin sun haɗa da kuka babu dalili, ko fitilu su riƙa walƙiya babu sauti, ko sautin ya shaƙe, ko saƙon gargaɗi a allon direba. Mafi ɓarna a cikinsu shi ne zuƙe babban batir a hankali, har a wayi gari mota ta ƙi tashi. Motar da ba a fita da ita sai ƙarshen mako ta fi saurin nuna wannan.

Kafin a kashe kuɗi

Ba duk kukan dare ne laifin jiniya ba. Babban batir da ya yi rauni yana iya jawo shi, haka ma maɓallin da ke gane an rufe bonet, ko na'urar da ke jin motsi a cikin mota idan an bar gilashi a ɗan buɗe. A Porsche Boxster ƙirar farko, ta 1996 zuwa 2004, akwatin da ke sarrafa tsaro yana ƙarƙashin kujerar hagu. Idan magudanan ruwan rufin suka toshe, ruwa ya taru a ƙasa, shi ne ke fara lalacewa. Wanda ya sayi jiniya a wannan hali ya yi asarar kuɗinsa.

Saboda haka matakin farko shi ne a duba fiyus, a auna batir, sannan a jona motar da kwamfutar bincike. Idan ta nuna cewa sadarwa ta yanke tsakanin motar da jiniya, kuma wutar na isa soket, to an gano mai laifi.

Inda ake samo ta

A Kaduna akan fara neman kayan gyara a Oriakpata da Panteka. Abin da ba a samu ba akan aika a nemo shi a Apo da ke Abuja, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Ladipo a Legas. Duk inda za a je, abu biyu ne jagora: lambar da ke rubuce a jikin tsohuwar jiniyar, da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17. Sunan mota da shekararta kaɗai ba su wadatar ba, domin mota iri ɗaya tana iya bambanta tsakanin ta kasuwar Amurka da ta Turai. Kamanni ma yana yaudara: jiniyoyi biyu kan yi siffa ɗaya amma kwamfutar mota ta karɓi ɗaya ta ƙi ɗaya. Wani abin da ke rage tsada shi ne kamfanoni kan yi amfani da jiniya guda a motocinsu da dama, ta yadda ta motar tsere kan zo daidai da ta wata motar gida ta kamfanin.

Zaɓi uku ne a gaban mai mota. Sabuwa ta fi tsada, amma batirinta sabo ne. Ta hannu, wadda ake kira 'yar Beljiyam, ta fi araha, sai dai a nan ne aka fi yin kuskure. A wasu kayan gyara na hannu kan yi ƙarko, amma jiniyar da aka ciro daga tsohuwar mota tana ɗauke da tsohon batiri, wato da cutar da ta kashe ta farko. Idan dole sai ita, a duba ranar ƙira in tana jiki, a kuma yi sharaɗin mayarwa. Zaɓi na uku shi ne gyara: ƙwararren mai gyaran lantarki ya yanka akwatin, ya sauya batirin da irinsa, ya liƙe yadda ruwa ba zai shiga ba. Wannan yana yiwuwa ne kawai idan yoyon bai cinye allon ba.

A kowane hali a karɓi rasit mai ɗauke da sunan shago. Kayan mota na sata suna shiga kasuwa, kuma rasit ne ke wanke mai saye.

Yadda ake ɗaurawa

Aikin na mai gyaran wayarin mota ne wanda ya saba da motocin Turai. Ana fara buɗe motar da rimot domin tsaron ya sauka. In ba haka ba, jiniya mai batiri za ta ɗauka ɓarawo ne ta kama ihu. Daga nan a cire wayar babban batir ta ɓangaren ragi. A motocin da bonet ko but ke buɗewa da lantarki, kada a rufe wurin da batir yake alhali an cire shi, domin buɗe shi kuma zai zama aiki.

Idan jiniyar na cikin madigadi, sai an ɗaga motar an cire taya da robar ciki, kuma a tokare ta da abin tokara, kada a dogara da jak kaɗai. Wasu kamfanoni kan ɗaure jiniya da ƙusa ko noti marar kai domin hana sata, wanda sai an huda shi kafin ya fita. A tsaftace soket, a duba tsatsa, a jona sabuwar, a ɗaure ta yadda ta farko ta kasance domin kada ruwa ya taru a bakinta.

Galibin jiniyoyi masu batiri waya uku gare su: ta wuta, ta ƙasa, da ta saƙo zuwa kwamfuta. Jona jiniyar kasuwa mai waya biyu a kan wannan waya ta uku ba zai yi aiki ba, kuma yana iya lalata akwatin da kuɗinsa ya ninka na jiniyar. Haka nan duk wayar da aka ja kai tsaye daga batir babu fiyus tana iya haddasa gobara.

Bayan an gama, a mayar da batir, a goge tsohon saƙon matsala da kwamfuta, a sake saita agogo da gilasan ƙofa idan sun rikice. Gwaji kuwa a yi shi da rana: a sauke gilashi, a kulle mota, a jira kamar minti ɗaya, sannan a zura hannu ko a buɗe ƙofa daga ciki.

Wasu kan zare soket ɗin su huta da hayaniya. Hakan yana tsayar da kukan dare da zuƙar batir, kuma ya halatta a matsayin matakin wucin gadi kafin sabuwa ta iso. Sai dai motar da aka bari haka ba ta da mai yi mata ihu, kuma wanda ya yi mata cikakkiyar inshora zai kyauta ya duba ko takardarsa ta ambaci na'urar tsaro kafin ya bar ta a kashe.