ZARE: “Wadda aka yi wa CS sau ɗaya, kullum sai CS.” Wa ya fara faɗin haka?

1/ Jama'a yau tarihi za mu taɓa, amma na ɗakin haihuwa. A Sakkwato, ko a gidan suna ko a layin awo, za ka ji ana cewa mace in aka taɓa yi mata aiki, to ita da haihuwa da kanta har abada. Maganar nan tana da shekarar da aka fara ta, akwai kuma mutumin da ya faɗe ta. Abin da yake nufi daban, abin da muke nufi daban. Ku biyo ni a hankali, zaren yana da ɗan tsawo.

2/ Mu fara daga Afirka, don kar wani ya ce fiɗa kayan Bature ce. A 1879 wani ɗalibin likita ɗan Ingila, Robert Felkin, ya ga an ciro jariri ta ciki a Kahura, ƙasar Yuganda ta yau. Masu aikin 'yan ƙasar ne. Giyar ayaba suka ba matar don ta gusar mata da hankali, da ita kuma suka wanke hannu da cikin. Jan ƙarfe mai zafi ya tsayar da jini, aka haɗe fata da ƙusoshin ƙarfe. Uwa ta rayu, ɗa ya rayu. Ya wallafa labarin a 1884.

3/ A wannan lokacin a manyan asibitocin Turai, yawancin matan da aka yi wa aikin mutuwa suke yi. Dalili? Ana tsaga mahaifa a ciro ɗa, a bar ta ba ɗinki. Jini da ruɓa su ƙarasa matar. A 1876 Eduardo Porro na Italiya ya ce to a cire mahaifar gaba ɗaya. Mata suka fara tsira, amma haihuwa ta ƙare. Sai a 1882 Bajamushe Max Sänger ya dage cewa a riƙa ɗinke mahaifa da kyau. Daga nan aka fara samun mace mai tabo a mahaifa ta sake ɗaukar ciki. Daga nan kuma tambayarmu ta samo asali.

4/ Ga wurin da nake so ku riƙe. Tsagar wancan zamanin a tsaye ake yin ta, a saman mahaifa, wurin da naman yake da kauri, wurin da ke matsawa da ƙarfi in naƙuda ta taso. Irin wannan tabon yana iya buɗewa a ciki na gaba, wani lokaci tun kafin naƙuda ta fara.

5/ A 1916 wani likitan mata a New York, Edwin Cragin, ya yi wa 'yan uwansa likitoci jawabi, a nan ya faɗi maganar da ta zagaye duniya har ta iso Mabera da Gidan Igwai. Amma gargaɗi yake yi musu: ku daina saurin yin aikin farko, domin in kun yi, kun ɗora wa matar aiki na biyu da na uku. A zamaninsa mata ƙalilan ƙwarai ake yi wa aikin. Wato mutumin yana jan kunnen masu riƙe da wuƙa ne, mu kuma muka mayar da ita hukunci a kan mata.

6/ Shekara goma bayan nan, a 1926, John Munro Kerr na Glasgow ya wallafa sakamakon wata tsaga daban: a kwance, a ƙasan mahaifa, inda naman yake da sirara kuma ba ya wahala sosai lokacin naƙuda. Tabon ya fi ƙwari nesa ba kusa ba. Ita ce tsagar da ake yi yau a mafi yawan aiki, har a UDUTH da Specialist. Wuƙa ta canza wuri, amma maganar Cragin ta ƙi tashi.

7/ Amurkawa sai da suka kai 1980 kafin hukumar binciken lafiyarsu ta zauna ta ce mace mai tsagar kwance tana iya gwada naƙuda. Mata suka karɓa. Zuwa 1996 kusan kashi 28 cikin 100 na masu tabo suna haihuwa da kansu. Sai aka samu fashewar mahaifa nan da can, aka fara kai likitoci kotu. A 1999 ƙungiyar likitocin matansu ta ce ba za a gwada ba sai inda masu fiɗa ke nan a shirye nan take. Ƙananan asibitoci suka ce ba za su iya ba. Kafin 2006 adadin ya faɗo ƙasa da kashi 10. Jikin mace bai canza ba a shekara goman nan, tsoron shari'a ne ya ƙaru.

8/ To mene ne lissafin gaskiya? Ƙungiyar likitocin mata ta Ingila tana cewa: mai tsagar kwance sau ɗaya, in ta gwada naƙuda, kusan uku cikin huɗu suna haihuwa da kansu. In ta taɓa haihuwa da kanta a baya, ya kai kashi 85 zuwa 90. Haɗarin tabon ya buɗe kusan 1 cikin 200 ne. Ƙarami ne a takarda. Amma ranar da ya faru, mintoci ake ƙirgawa, kuma rai biyu ne.

9/ Yanzu mu dawo gida. Daga 1976 zuwa 1979 Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa a Zariya suka bi diddigin haihuwa 22,774. An wallafa a 1985, har yau ana karanta shi. Babban abin da ya fito: matar da ba ta je awo ba, sai da abu ya lalace aka kawo ta asibiti, haɗarin mutuwarta ya ninka na wadda ta yi awo ninkin ba ninkin. Mun san dalilan ai. Kunyar ɗan fari. Jiran izinin maigida da ya yi tafiya. Doguwar naƙuda kwana biyu a ɗaki ana ta jiƙe-jiƙe. Wani wurin har da yankan gishiri.

10/ Shekara arba'in bayan Harrison, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a jihar Sakkwato ko ɗaya cikin goma na haihuwa ba a asibiti ake yi ba. A Najeriya duka, a binciken 2018 ɗin, kusan kashi 3 kacal ne aka ciro su ta aiki. Kun ga matsalarmu ba irin ta Amurka ba ce. Can aiki ya yi yawa. Nan masu buƙatarsa ba sa samu, waɗanda suka samu kuma a makare.

11/ Ga abin da ya sa na rubuta zaren nan. Likita yana ganin zaɓi biyu: a sa rana a yi aiki, ko a gwada naƙuda a asibiti. Amma a unguwanninmu akwai na uku, kuma shi aka fi ɗauka a ɓoye. Mace ta ji an ce in ta koma asibiti yanka ta za a sake yi. Dangin miji suna kiranta raguwa. Kishiya ta haifi huɗu a ɗaki. Maigida yana tuna kuɗin da ya kashe wancan karon. Sai ta daina zuwa awo, ta zauna gida da tabonta. Wani lokaci har a kira mai kemis ya yi mata allurar tada naƙuda, wadda kan tsohon tabo ita ce mafi muni. Wallahi a ganina maganar Cragin, yadda muka fahimce ta, ta fi korar mata daga asibiti fiye da kai su.

12/ Wani zai ce to a yi ta aikin mana, a huta. A ƙasar da mace ke haihuwar biyu ta tsaya, wannan magana tana da ƙarfi. Mu a Arewa maso Yamma, a binciken 2018 ɗin, matsakaicin haihuwar mace ya haura shida. Yarinya 'yar 17 da aka yi wa aiki a cikin fari, sau nawa za a buɗe ta? Kowane aiki yana ƙara mannewar nama a ciki, yana ƙara yiwuwar mabiyiya ta zauna kan tabo ta kafe cikin mahaifa. Wani babban bincike na Amurka a 2006 ya nuna wannan kafewar ba ta kai 1 cikin 100 ba har aiki na uku, a na huɗu ta haura 2, a na shida ta kusa 7. Ƙarshenta sau da yawa zubar jini ne da cire mahaifa. Don haka shawarar ciki na biyu tana shafar ciki na biyar.

13/ Kuma kar a ji ni ba daidai ba, akwai matan da aiki na gaba shi ne hanya, ba jayayya: mai tsagar tsaye, wadda mahaifarta ta taɓa fashewa, wadda mabiyiya ta tare ƙofa, wadda ɗan ya kwanta a gicciye. Tazara ma tana da nata, in tsakanin aiki da haihuwa ta gaba bai kai wata 18 ba haɗarin yana ƙaruwa.

14/ 'Yan uwa mata, abu ɗaya da ba a cika faɗa muku ba: tabon da kike gani a fatar cikinki ba shi ke nuna yadda aka tsaga mahaifa ba. Fata tana iya zama a tsaye, mahaifa a kwance. Amsar tana cikin fayil ɗinki. Kafin a sallame ki, ki tambayi me ya sa aka yi aikin, wace irin tsaga ce, a rubuta miki a kati ki adana. Ku kuma maza, jinin da ake cewa a tanada tun wata na takwas ake nemansa, ba tsakar dare ba.

15/ A Nuwamba 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da cewa aikin zai zama kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da aka amince da su. Yana da kyau ki tambaya tun wurin awo ko asibitinki yana ciki.

16/ Sai maganar nisa. Lissafin 1 cikin 200 da ake cewa ƙarami ne, an yi shi ne a inda ake sauraron bugun zuciyar jariri duk tsawon naƙuda, ɗakin fiɗa yana kusa, jini yana firiji. Mai zama a Arkilla ko Runjin Sambo tana iya isa UDUTH da ciwon farko. Mai zama a ƙauyen Isa ko Sabon Birni, inda ba kowane direba ke yarda ya hau hanya da dare ba, lissafinta daban ne. Ita sai dai ta tare gidan dangi cikin gari tun watan haihuwa bai kama ba, ko ta karɓi ranar da likita ya sa mata.