Ragowar lissafi: daga watan da ya ƙi bin Newton zuwa duniyar da aka gano da alƙalami



Akwai wata al'ada da ta zauna da gindinta a azuzuwanmu. Yaro ya saba da cewa kowace tambayar lissafi amsarta ɗaya ce tak, kuma tana fitowa cif ba ragowa. Da zarar ya ga amsa ta zo da waƙafi da jerin lambobi a baya, sai ya kai hannu ga magogi, don a ganinsa ya ɓata. Amma tarihin kimiyya ya nuna cewa mafi yawan manyan tambayoyin da duniya ke yi wa ɗan Adam ba su da amsa cif. Ana kusantar su ne taki bayan taki, kuma sau da yawa a cikin ƴar ragowar da ta ƙi fita ake tsintar sabon ilimi.

Dabarar da ake bi tana da suna a littattafan faransanci: théorie des perturbations. Da Hausa muna iya ce mata lissafin ƙaramar tangarɗa. Ga ta a misali da ɗalibin da ke shirin BEPC zai gane. Wace lamba ce in an ninka ta da kanta za ta ba da 101? Ba mu sani ba, amma mun san ta 100, wato 10. To sai mu ce amsar 10 ce da wani ɗan ƙari, mu kira shi x. In aka ninka 10 + x da kanta, za a samu 100 + 20x + x². Tunda x ƙarami ne, x² ya fi shi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, sai mu ajiye shi gefe tukuna. Saura 20x = 1, ke nan x = 0,05. Amsarmu ta farko 10,05 ce. In muka gwada, 10,05 sau 10,05 ya ba da 101,0025. Mun wuce da ɗan kaɗan. Sai mu koma ga abin da muka ajiye, mu yi gyara na biyu, mu samu 10,049875. Dabarar ke nan gaba ɗaya: ka fara daga tambayar da ka iya, ka ɗauki abin da ya hana ta zama daidai a matsayin ƙaramar tangarɗa, ka yi ta gyara har ragowar ta kai ƙanƙantar da kake buƙata.

Masu nazarin sama ne suka raini wannan dabara, kuma tilas ce ta sa su. A 1687 Isaac Newton na Ingila ya wallafa dokarsa ta janyowa, wadda ke cewa kowane abu mai nauyi yana jan ɗan uwansa, kuma ƙarfin jan yana raguwa da nisa bisa ƙa'ida sananniya. In abubuwa biyu ne kawai, kamar rana da duniya ɗaya, lissafin yana fita tsaf: duniyar za ta riƙa kewayawa a kan hanya mai siffar ƙwai har abada. Amma da zarar na uku ya shigo, kowa na jan kowa, babu wata ƙa'ida guda da za a rubuta a allo ta ba da amsa ga kowane hali. Abin da ya ceci masana shi ne girman rana. Mushtari, wadda ta fi dukkan duniyoyi nauyi, rana ta ninka ta fiye da sau 1000. Saboda haka ana iya farawa da jan rana shi kaɗai, sannan a shigo da jan sauran a matsayin tangarɗa.

Gwaji na farko mai tsanani a kan wata aka yi shi. Wata na kewaya ƙasa, rana kuma na fizgar sa daga nesa. Sakamakon haka, wurin da yake fi yin nisa da ƙasa ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana matsawa sannu a hankali har ya zagayo cikin kusan shekara 9. Da manyan masana lissafi uku na lokacin, Clairaut da d'Alembert a Faransa, da Euler, suka yi lissafi da dokar Newton, sai ya ba su kusan shekara 18. Rabin gudun kawai suka samu. A 1747 Clairaut ya tsaya gaban majalisar masana kimiyya ta Paris ya ce dokar Newton na buƙatar gyara. Amma bai ajiye alƙalami ba. Ya koma kan ƙananan sassan da aka yi watsi da su a takin farko, irin x² ɗin nan namu, sai ya tarar ba su kai ƙanƙantar da aka zata ba: su ne ke ɗauke da ɗaya rabin. A 1749 ya janye maganarsa a fili. Dokar lafiyarta lau, lissafin ne aka tsayar da wuri.

Shekara goma bayan haka dabarar ta fito idon jama'a. Edmond Halley ya riga ya ce tauraruwa mai wutsiya da aka gani a 1682 za ta dawo wajen 1758, amma ba wanda ya san yadda Mushtari da Zuhal za su jinkirta ta. Clairaut da Lalande da wata mace masaniyar lissafi, Nicole-Reine Lepaute, suka shafe kusan wata shida suna lissafi da hannu, tun safe har dare. Suka samu jinkirin kwana 618. A Nuwamba 1758 Clairaut ya sanar cewa tauraruwar za ta fi kusantar rana a tsakiyar Afrilu 1759, ya kuma ce ana iya samun saɓanin wata guda gaba ko baya. Ta iso ranar 13 ga Maris. Abubuwa biyu ya kamata mu lura da su a nan. Mutumin ya faɗi amsarsa tare da iyakar kuskurenta, abin da ba mu cika koya wa yara ba. Sannan iyayen da ke ganin lissafi ba na ƴaƴa mata ba ne, su tuna cewa a teburin nan na mutum uku, ɗaya mace ce.

Labarin da ya fi shahara shi ne na Neftun. A 1781 William Herschel ya gano Uranus, duniyar da ke ɗaukar shekara 84 kafin ta kewaye rana. A 1821 Alexis Bouvard ya fitar da jadawalin inda za a riƙa ganin ta, bayan ya sa jan Mushtari da Zuhal a lissafi. Ba a daɗe ba Uranus ta fara kauce wa jadawalin. Zuwa 1845 saɓanin ya kai kusan kashi ɗaya cikin 15 na faɗin cikakken wata yadda muke ganin sa a sama. Ido ba zai damu da wannan ba, amma masana sun san ruwa ba ya tsami banza.

François Arago, shugaban gidan kallon taurari na Paris, ya ba wani matashi mai suna Urbain Le Verrier shawarar ya duba matsalar. Le Verrier haifaffen Saint-Lô ne a 1811, kuma da ilimin sinadarai ya fara aiki kafin ya koma ga taurari. Aikin da ke gabansa a juye yake. A da, ana sanin mai jan ne a lissafa tangarɗar da zai haddasa. Yanzu tangarɗar ce a hannu, mai jan ake nema. Kamar mai bin sawu ne da zai dubi alama a rairayi ya faɗi girman raƙumin da inda ya nufa, alhali bai taɓa sa shi a ido ba. Ranar 31 ga Agusta 1846 ya gabatar da wurin da ya kamata a duba. Da ya ga masu madubin hangen nesa na ƙasarsa ba su yi zumuɗi ba, sai ya rubuta wa Johann Galle a Berlin. Wasiƙar ta isa ranar 23 ga Satumba. A daren nan Galle da wani ɗalibi, Heinrich d'Arrest, suka riƙa gwama abin da ke cikin madubi da sabuwar taswirar taurari, har suka ci karo da ɗigon haske da babu shi a taswira. Tazararsa da inda Le Verrier ya nuna ba ta wuce digiri ɗaya ba. A Ingila ma John Couch Adams ya yi irin wannan lissafi tun 1845, amma masu dubawa a can sun yi nawa, abin da ya jawo doguwar jayayya tsakanin ƙasashen biyu.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba a labarin. Le Verrier ya zaci sabuwar duniyar ta ninka nisan ƙasa da rana sau 36, kuma kewayenta shekara 217 ne. Gaskiyar ita ce sau 30 da shekara 165. Lissafinsa ya dace da ɓangaren hanyar da Neftun ke bi a waɗannan shekarun, bai dace da dukkan hanyar ba. Amsar kusanci tana da farfajiyar da take aiki a ciki, kuma sanin iyakar farfajiyar rabin ilimin ne.

Nasara kan sa mutum ya maimaita hanyar da ta kai shi. A 1859 Le Verrier ya gano wata ragowar a tafiyar Uɗaridu, duniyar da ta fi kusa da rana. Bayan an cire jan dukkan sauran duniyoyi, hanyarta na juyawa fiye da yadda lissafi ya ce da sakan 38 na kusurwa a kowace shekara 100. Daga baya Simon Newcomb na Amurka ya gyara adadin zuwa 43, wato kusan kashi ɗaya cikin 42 na faɗin wata, a ƙarni guda. Le Verrier ya ce tabbas akwai wani abu a ɓoye tsakanin Uɗaridu da rana. Wani likitan ƙauye mai sha'awar taurari, Edmond Lescarbault, ya ce ya ga baƙin ɗigo ya gitta fuskar rana. Aka raɗa wa duniyar suna Vulcain tun ba a tabbatar da ita ba. Shekara da shekaru masana na bin husufin rana ƙasa ƙasa suna neman ta. Le Verrier ya rasu a 1877 yana kan bakansa. Vulcain kuwa babu ita.

Sai a Nuwamba 1915 Albert Einstein ya warware ƙullin a Berlin. Sabuwar fahimtarsa game da janyowa ta nuna cewa dokar Newton kanta kusanci ce, mai kyau ƙwarai a nesa da rana, mai ɗan gurɓi a kusa da ita. Da ya lissafa gurbin, sakan 43 ɗin nan suka fito. Kuma da wace dabara ya yi lissafin? Da wadda dai Clairaut ya yi amfani da ita: ya fara da amsar Newton, ya ɗora gyara a kai.

Tsakanin waɗannan, Henri Poincaré ya nuna cewa dabarar ma tana da iyaka. A 1889 ya ci gasar da Sarki Oscar na biyu na Suwidin ya sa kan matsalar abubuwa masu jan juna. Ana cikin buga aikin sai aka gano kuskure a ciki. Ya biya kuɗin sake bugawa daga aljihunsa, kuɗin da ya zarce kyautar da ya ci. A wajen gyara kuskuren ne ya gano cewa akwai halin da ɗan bambanci a farko ke girma har hasashe na dogon zamani ya gagara. Ya kuma nuna cewa jerin gyare-gyaren masu nazarin sama, in aka ci gaba da su ba iyaka, galibi ba sa tsayawa kan amsa ɗaya, ko da yake takunsu na farko na da amfani matuƙa.

Daga sama dabarar ta sauko ƙasa. A 1904 Ludwig Prandtl na Jamus ya nuna cewa gogayyar iska da fuskar abu tana da tasiri ne a cikin wani siririn falle da ke manne da fuskar, sai a lissafa fallen daban, sauran iskar daban, a haɗa. A kan wannan aka gina lissafin fiffiken jirgin sama. A 1926 Erwin Schrödinger ya kai dabarar cikin nazarin ƙwayar zarra. Malamin fizik na lise da ke cewa lilon agogo na kaiwa da komowa cikin lokaci ɗaya muddin lilon ƙarami ne, takin farko na wannan lissafi yake koyarwa. Husufin rana na 29 ga Maris 2006, wanda inuwarsa ta ratsa Nijar, an san ranarsa da sa'arsa tun shekaru kafin ya zo, albarkacin jadawalin wata da ya samo asali daga aikin su Clairaut.

Me za mu ɗauka zuwa aji? Ragowa iri ɗaya ta bayyana sau uku a tarihin nan, kuma kowane karo dalilinta daban. A kan wata, lissafin ne bai ƙare ba. A kan Uranus, akwai abin da ba a gani ba. A kan Uɗaridu, dokar ce ke da gyara. Ba wanda zai iya sanin wanne ne tun daga farko, sai ya bincika, kuma wanda ya goge ragowar ba zai taɓa sani ba.

Don haka kafin yaro ya taɓa kalkuleta, mu tambaye shi: amsar za ta kai kamar nawa? In ya ce 49 sau 21 zai yi kusan 1000 don ya ɗauki 50 sau 20, mu yaba masa, sannan mu tambaye shi ko ya wuce ne ko bai kai ba, kuma da nawa. In an auna tsawon aji sau uku aka samu amsa uku, kada mu zaɓi ɗaya mu share biyu, mu rubuta duka a allo mu tattauna dalili. Iyaye ma na da rabonsu: uwar da ke ƙiyasta tiya nawa ta hatsi za ta kai gida ƙarshen wata, ta kuma ƙara kaɗan saboda baƙi, lissafin tangarɗa take yi, sai ta jawo ɗiyarta su yi tare.

Allah ya ba mu haƙurin koyarwa, ya sa wa yaranmu albarka a karatunsu.