Kwamfutar masana'antu mai allo ɗaya

Kwamfutar masana'antu mai allo ɗaya wata ƙaramar kwamfuta ce da aka harhaɗa dukkan muhimman sassanta, wato furosesa da ma'adanar bayanai da kafofin sadarwa, a kan allon lantarki guda. Allo a nan shi ne farantin da ake liƙa sassan lantarki a kansa, ba fuskar da ake kallo ba. Ana ƙera ta ne don ta yi aiki dare da rana na tsawon shekaru, a wuraren da zafi ko ƙura ko rashin tsayayyiyar wuta za su kashe kwamfutar ofis.

Tarihi

Kamfanin Ampro na Amurka ya fito da tsarin PC/104 a shekarar 1987, aka mayar da shi ƙa'idar bai-ɗaya a 1992. Girman allon milimita 90 ne da 96, kuma ya samo sunansa daga allurai 104 da ke mahaɗarsa, waɗanda suke sa a iya ɗora allo a kan allo. Kamfanin VIA na Taiwan ya gabatar da Pico-ITX mai milimita 100 da 72 a 2007. An fara sayar da Raspberry Pi a 2012 domin ɗalibai, sannan a 2014 aka fitar da Compute Module don masu ƙera kayan masana'antu.

Siffofi

Jure zafi da sanyi: yawanci ana gwada sassan kayan kasuwa daga digiri 0 zuwa 70 a ma'aunin Salshiyas, na masana'antu kuwa daga digiri 40 ƙasa da sifili zuwa digiri 85.

Rashin fanka: fanka tana jawo ƙura kuma tana saurin lalacewa, shi ya sa ake maye gurbinta da ƙarfen alminiyum mai zuƙe zafi. Wasu allunan akan shafe su da siririn fenti mai hana laima da tsatsa.

Wutar lantarki: da yawansu suna karɓar wuta daga volt 9 zuwa 36, don haka suna iya aiki kai tsaye da batir mai volt 12 ko 24.

Ma'adana: akan liƙe RAM da ma'adanar eMMC da dalma, don kada girgizar inji ta kwance su.

Kafofin sadarwa: ban da USB da Ethernet, akwai RS-232 da RS-485, wadda ke kai saƙo har nisan mita 1,200, da kuma CAN da kamfanin Bosch na Jamus ya gabatar a 1986.

Agogon gadi: wata 'yar da'ira ce da manhaja ke taɓawa lokaci-lokaci. Idan manhajar ta maƙale ta daina taɓa ta, sai agogon ya kashe kwamfutar ya sake kunna ta da kansa.

Amfani

Ana samun irin wannan kwamfuta a cikin na'urorin cire kuɗi, injinan masana'antu, jiragen ƙasa, turakun sadarwa da tashoshin wutar sola. Siffofinta sun dace da yanayin arewacin Najeriya. A Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi na jihar Zamfara, zafin bazara yakan haura digiri 40, cikin akwatin ƙarfe da ke rana kuwa ya fi haka, ga kuma ƙurar hunturu. Inda mai gyara yake nesa, agogon gadi ne ke hana na'ura ta kwana a mace saboda ƙaramar matsala.

Nakasu

Ta fi kwamfutar ɗalibai tsada, kuma da yake sassanta a liƙe suke, ba a iya ƙara mata RAM ko sauya furosesa. Idan sashe ɗaya ya ƙone, yawanci sai an canza allon gaba ɗaya. Saboda haka masu ƙera ta sukan yi alƙawarin ci gaba da samar da samfuri ɗaya na shekaru goma ko fiye.