Saniya na da takarda, yaro fa?

Ko kun san maganar karatun 'ya'yan ruga ba yau ta fara ba?

A Nijar, tun zamanin Faransa aka buɗe makarantun makiyaya a arewa. Iyaye da yawa sun ɓoye 'ya'yansu, don suna ganin lakkwal dabara ce ta raba yaro da garke. Daga baya aka dogara da kantin: yaro ya ci a makaranta, ya zauna, iyaye su wuce da dabbobi.

Nijeriya kuwa wata hanya ta bi. A 1989 gwamnatin Janar Babangida ta kafa Hukumar Ilimin Makiyaya da doka mai lamba 41, hedkwatarta a Kaduna, bayan ƙoƙarin ministan ilimi Farfesa Jibril Aminu. Manufar ita ce malami ya bi ruga da allo da tanti, a tsara karatu kada ya ci karo da lokacin kiwo.

To, amma kowace ƙasa iyakarta ta duba. A 1998 CEDEAO ta tanadi takardar ƙetare iyaka ta dabbobi. Yaron da ke kora su fa? Ya bar Faransanci a Dakoro, ya tarar da Ingilishi a Jibiya, karatu ya koma baya.

Saboda haka, Arɗo, kafin a tashi bana, a je wurin malami ya rubuta ajin kowane yaro. A ajiye takardar tare da ta shanu.